Ranar da Na Juya Takarkarin Kakana

Tun kafin a ɗora mini igiyar takarkari a hannu nake da fargaba guda: kada kakana ya yi kira ban ji ba. Har yau in na ji kukan itacen rijiya, igiya na gurzarsa, sai gabana ya faɗi.

Rijiyarmu ta wajen Ollelewa zurfi gare ta, hannu ba ya jan wasakinta, babban gugan fata. Takarkari, wato san aiki, ke ja. Babba na tsaye a baki, yaro ko yarinya na jan dabbar ta igiyar hanci, a yi ta nisa har wasaki ya fito. Sai babban ya yi kira, a tsaya, ya cafke wasakin, sannan a juyo. Gidanmu ba namiji ƙarami, shi ya sa aikin ya faɗo kaina, lokacin ban wuce shekara tara ba.

Kwana uku kakana na tafe kusa da ni yana koya mini. Ya nuna mini yadda ake sassauta igiya kada hancin ya yi ciwo, da yadda ake yi wa dabba magana ƙasa-ƙasa. Ya hana ni waiwaye. Ya ce wannan aikin da kunne ake yin sa, ba da ido ba.

To ni kunnen ne ban yarda da shi ba. Ga kukan shanu, ga hayaniyar masu shayarwa, muryar tsoho kuwa ba ta da ƙarfi. Kunya ta hana ni faɗa. Sai na lura duk sanda ya yi kira muna daidai wata ƴar aduwa. Na riƙe ta a raina, na daina saurare. Har yabona aka yi ta yi.

Wata ranar bazara Buzaye suka shayar da raƙumansu tun asuba, ruwa ya ja ƙasa. Ban san in ruwa ya yi ƙasa tafiya na ƙaruwa ba. Na kai aduwa, na juya takarkari. Wasaki cike, bai kai baki ba, ya koma da ƙarfi, igiya kuwa na cikin tafin kakana. Ta yanke shi har ƙashi. Yatsunsa biyu ba su sake miƙewa ba.

Baffana, ƙanen babana, ya tambaye ni abin da ya faru. Na ce dabbar ce ta fizge. Ya zane ta da igiya a gabana, tana tsaye tana kallona. Da ranar kasuwa ta zo aka kai ta Tanout, mahauta suka ɗauka.

Sai bayan girbi kakana ya taɓo zancen, ina ɗaure masa hannu da tsumma.

"Amaryata," ya ce, haka yake tsokanata, "shekara bakwai ina aiki da wannan dabbar, ba ta taɓa juyawa da kanta ba."

Na sunkuyar da kai. Na ci gaba da ɗaurin. Haka ya rasu ban faɗa masa ba.

Yanzu motocin Nasara na wucewa ta hanyar Agadas, samari na cewa su tuƙi za su koya. Rijiyarmu dai tana nan da zurfinta. Ɗiyata ta fari ta kusa kai shekara tara, ubanta ya ce bana za ta fara jan takarkari, ni kuwa abinci ma ba ya shiga mini.

Kai mai karanta wannan, in za ka koya wa yaro jan dabba ko tuƙin mota, don Allah ka zaunar da shi tukuna, ka tambaye shi abin da yake tsoro. In ya yi shiru, ka sake tambaya.