Baƙin da Magini Audu Ya Saya

A gidanmu na Kusfa, da an idar da sallar isha'i sai mu jera a bakin murhun Iya Tabawa, kakarmu ta wajen uba. Tana gasa gyaɗa a cikin toka, haske na lasar rabin fuskarta, ɗaya rabin kuwa duhu ya cinye. Ni da yayata Binta tabarma ɗaya muke zama. Iya ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa, cewa take, "Ku matso, wadda zan ba ku yau ba ta son a ɗaga murya."

Wadda ta fi zama mini a rai ita ce ta Magini Audu, gwanin zanen bango. Wani attajiri ya ɗauke shi ya ƙawata masa zaure. Ya gama bango uku da jar ƙasa da farar ƙasa da shuni daga marina. A na huɗun ya zana ƙatuwar bishiya, amma duk launin da ya gwada a ƙarƙashinta sai ta fito kamar ba ta taɓa ƙasa ba. Inuwa take so. Ya gwada makuba ta ɓawon ɗorawa, ya gwada gawayi, babu wanda ya gamsar da shi.

Wata rana da la'asar yana tafe ta bayan ganuwa, sai ya tarar da wata mata zaune a bakin kududdufi da ɗan ƙoƙo a gabanta. Baƙin launin da ke cikin ƙoƙon ko rana ba ta haska shi. A nan Iya kan rage murya ta kwaikwayi matar: "Malam, kan yatsa ɗaya ya ishe ka. In ka ƙara, shi ma zai ƙara."

Ya saya, ta ɗiba masa a wani ƙoƙo, ya koma zaure. Ya shafa kan yatsa ɗaya, bishiya ta tsaya kamar ka jingina da ita. Mutane suka cika zaure suna yabonsa. Yabon ya yi masa daɗi, ya ƙara a ƙarƙashin rassa, ya ƙara a tsakanin ganye. Da gari ya waye, inuwar ta sauko daga bango ta kwanta a daɓe. Duk wanda ya zauna a wurin sai ya tashi ba ya son abinci, ba ya son magana. Audu ya gani, amma ya ce aikin bai ƙare ba.

Sai ranar da 'yarsa ta kawo masa fura, ta zauna tana jiransa a gindin bishiyar. Ya kira ta, ba ta amsa ba. Ya jefar da ƙoƙon baƙin, ya sa farce yana kankare bango har jini ya fito. Baƙin ya bar bangon ya bi hannunsa, hannun ya bushe. Yarinyar ta rayu, amma ba a sake jin dariyarta ba, bangon kuma ba a taɓa ƙarasa shi ba.

"Iya, matar fa?" in ji Binta.

"Tana nan. Ƙoƙonta bai ƙare ba. Ku tashi ku kwanta."

Na girma na zama mai zane, ina da ɗan shago a Tukur-Tukur. Na daɗe ina ɗaukar labarin a matsayin gargaɗi kan son yabo, sai bana na ga wani abu dabam. Na fara zanen Yaya Binta tana da lafiyarta, na gama mayafi da goshi, sai ciwon ƙoda ya kama ta. Zanen ya yi watanni a jingine. Da na koma masa, ban san lokacin da na fara haɗa ruwan toka da baƙi ba, ina zurfafa ƙasan ido, ina ramar da kunci. Ina ce wa kaina gaskiya nake zanawa. Kowace rana in ƙara kaɗan.

Wata rana Yaya Binta ta biyo shagon daga asibiti, mijinta na riƙe da ita, ta daɗe tana kallon allon.

"Sani," ta ce, "ka riga ka yi mini likkafani ke nan? Ni fa ina nan."

Abin da na shafa a fuskarta tsorona ne, kuma ita na bari ta zauna a ƙarƙashinsa. A lokacin na gane cewa duhu ba ya wa mai zane wahala, hannu da kansa yake kai shi, sai mutum ya zaci ya ga gaskiya.

Na kankare abin da zai kankaru, sauran ya riga ya shiga yadin allon. Na haɗa ja da rawaya, kalar fatarta in ta yi dariya, na rufe su cikin gwangwani. Ta ce za ta zo ta zauna mini in an sallame ta. Mako mai zuwa za a yi mata aiki, likitoci kuma ba su yi mana alkawarin komai ba. Kullum da safe ina buɗe gwangwanin in juya fentin don kada ya bushe.