Awa Ɗayar Da Ta Wanke Yaya

Shekarun baya, ina haɗa shirye-shiryen rediyo a Birnin Kudu, na rubuta wata 'yar manhaja. Na'urar ɗaukar sautinmu ba ta rubuta ƙarfe kaza, sai doguwar lamba, wato daƙiƙoƙin da suka wuce tun farkon 1970. Manhajar ba ta da ado ko kaɗan. Baƙin allo ne, ka buga lambar, ta ba ka lokaci a agogon Najeriya. Abokina ya ce da ƙyuyar lissafi ƙungiya ce, ni ne shugaba.

Wata Laraba yayata ta kira ni. Ita ke kula da firjin alluran rigakafi a wani ƙaramin asibiti a yankin Gwaram. Firjin ya yi ɗumi, allurai sun lalace. Mai duba aiki ya ce ma'aunin sanyin ya nuna ƙarfe ɗaya da rabi abin ya fara, ita kuwa ƙarfe biyu take tashi. Za a dakatar da ita.

"Wallahi da sanyinsa na bar shi," in ji ta.

Washegari na je da kwamfutata. Da na ga takardar ma'aunin, sai ga irin lambobina. Na buga ta lokacin da ɗumin ya fara, allo ya ce biyu da rabi.

Mai dubawar ya yi murmushi. "Malam, kai da labarai na san ka. Ni a intanet na juya lambar zuwa lokaci."

"Ranka ya daɗe, a karanto lambar da ma'aunin ya rubuta yanzun nan. Kowa ya juya."

Tasa ta ce goma da kwata, tawa sha ɗaya da kwata. Duk muka ɗaga kai. Agogon bango ya goyi bayana. Shafinsa agogon GMT yake bayarwa, mu kuwa muna gaba da awa ɗaya. Nan ma'aikata suka tuna cewa ranar, bayan Yaya ta tafi, an cire batirin sola don gyara.

Mai dubawar ya juya ga Yaya ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri." Ya yaga takardar dakatarwar. Kafin in tafi ya roƙi manhajar.

Tun daga ranar, duk sa'ad da aka ba ni lokaci a rubuce sai na tambayi agogon wace ƙasa ne. Yaya kuwa, har yau idan na makara zuwa gidanta sai ta ce, "Kai, da agogon mai duba aiki ka taho?"