Jajayen da'irori a ɗakin haya

Ko zan manta komai na zamana a Dutse Uku, ba zan manta ranar da na ƙona littafin ɗan hayana ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina tuƙa babbar mota, ina ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada.

Ɗan hayan malamin jami'a ne, ɗan asalin Filato, mai shiru-shiru. Shirun nan ne bai kwanta mini ba. Wasiƙu a manyan ambulan suna zuwa masa daga ƙasashen waje, ya kulle ƙofa da rana tsaka. Wata rana na leƙa ta taga, na gan shi duƙe kan wasu hotuna farare masu baƙaƙen ɗigo-ɗigo kamar an watsa kuza a faranti, yana aunawa, yana zana jajayen da'irori, yana rubuta lambobi a littafi.

Nan take na tuna baya. Ina yaro na ga masu awo sun zo barikinmu na masu haƙar kuza da takarda mai jajayen da'irori, wata bai ƙare ba aka rushe ɗakin mahaifina aka fara haƙa. Na ce a raina, to, an gano kuza a ƙarƙashin gidana, kuma ni ne wawan da ya ba mai awon masauki. Kwana goma ina amsa gaisuwarsa da ƙyar. In ya tambayi lafiyar iyali, sai in ji kamar ƙirga mu yake.

Ran nan ya tafi aiki ya bar taga a buɗe. Hotunan suna nesa, littafin kuwa hannuna ya kai. Na jefa shi a murhu, na tsaya har ya cinye.

Da ya dawo ban ɓoye ba, na faɗa masa har da taƙama. Sai ya ɗauko hoto ɗaya ya ce sararin sama ne, an juya launin, baƙin shi ne haske. Kowane curi tarin taurari ne mai nisan gaske, da'irorin kuma wuraren da ake haifar sababbin taurari ne.

"Maigida, in ka hango mota da dare tana tahowa daga nesa, ta yaya kake sanin nisanta?"

Na ce ta fitilunta mana, in sun matsu da juna tana nesa, in sun ware ta kusa.

"Saboda ka san faɗin mota. Mu ma muna zaton manyan wuraren nan girmansu kusan ɗaya ne. In na auna ƙanƙantarsu a hoto, sai in san nisan tarin. Aikin wata takwas ne a littafin."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, zai sake aunawa. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ƙarshen wata ya kwashe kayansa, ya miƙo mini makulli da hannu biyu.

Tun daga nan, in zargi ya taso mini, sai in tashi in je in tambaya tun bai girma ba. Taku shida ne daga ƙofata zuwa tasa, na auna bayan ya tafi.