Dubu da Tara

Lokacin citta Kaka take yin tatsuniya, don kada hannunmu ya tsaya. A gidanta na Madakiya, da an ci tuwon yamma sai ta hura wuta, ta zube citta a tabarma, mu jikoki kowa da wuƙarsa muna tsagawa. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. "Tatsuniya ya zo," za ta ce, "mai gyangyaɗi zai yanke yatsa."

Ni ce bare a cikinsu. Uwata 'yar gidan ce, ta rasu. Ubana Musulmi ne, ɗan kasuwar Kafanchan. Ranar Lahadi ina bin su coci, sunana kuma Hadiza.

Tatsuniyar da ta fi maimaitawa ta dodo ce, wanda ya tare wani ƙauye mai mutum dubu da tara. Asirinsa, ba ya iya cin jama'a a dunƙule sai sun kasu daidai wa daida. Ya ce, "Ku jeru ba ragi, in sake ku." Suka jeru bibbiyu, mutum ɗaya ya rage. Uku-uku, ɗaya ya rage. Huɗu, shida, bakwai, takwas, tara, duk haka, kuma kullum wata baƙuwa mai ɗingishi ce ke zuwa ƙarshe. Rana ta gasa su, suka ce ita ce ke hana su tafiya gona. Suka kore ta.

"Daga nan fa, Kaka?"

"Dubu da takwas yana rabuwa kamar biredi, yarana. Dodo ya fara da bibbiyu."

Shekarar da rikici ya ɓarke a Kafanchan, samari suka riƙa bin gidaje suna tambayar sunaye. Kawunnaina suka yanke shawara a kai ni wajen dangin ubana, kada a ƙone gida saboda ni. Kaka ta damƙe hannuna.

"Wannan yarinya nawa ne. Kun manta da dodo?"

"Mama, yau ba ranar tatsuniya ba ce," in ji Kawu Bitrus, babban ɗanta. Ya ɓamɓare yatsunta, ya ɗora ni a mashin. Har muka isa gari hannuna na ƙanshin citta. Ban sake ganinta ba. Bayan rasuwarta kawunnaina suka raba gonarta, yau ko gaisuwa ba sa yi.

Yanzu ina koyar da lissafi a Kauru. Na gwada lambar Kaka ta kowace fuska, ba abin da ke raba ta sai ɗaya ko ita kanta. Cikin irin waɗannan lambobi marasa rabuwa da suka haura dubu, ita ce ta farko. Ban san inda ta samo ta ba.

Duk shekara nakan rubuta ta a allo in ce ɗalibai su raba. Duk shekara kuma sai wani ya gaji ya ɗaga hannu.

"Malama, a cire ɗaya mana, sai ta rabu."

Har yau maganar nan tana yi mini ciwo. Nakan ce masa, "Za ta rabu kam. Wa za ka cire?"