Abdulgafar, Mai Gadin Barewa da Aka Kashe da Ƙishirwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 16 ga Afrilu 2024, labari ya iso Belbeji cewa Abdulgafar Barmo, ma'aikacin gandun daji, ya rasu a dajin arewacin Tarka. Abokina ne tun muna lakwal, wato makarantar boko, a Tanut.

Abdulgafar, ban manta shekarar da hatsi bai yi ba, ka kama tsoho Almustafa na Falanko da tarkon tuje. Ka karɓe tarkon, ba ka kai shi gaban jandarma ba. Washegari sai ga ka a ƙofar gidansa da buhun gero a bayan babur. Na tuna kuma 'yar barewar da aka harbe wa uwa, wadda ka rena da nonon akuya har ta yi ƙafa, ka mayar da ita daji, 'yarka Mu'minat tana kuka.

Buba makiyayi ne ya tsince ka ƙarƙashin wata aduwa da sauran numfashi, kuma daga bakinka ya ji abin da ya faru. Ka iske wasu mutane a mota suna korar barewa har ta faɗi don gajiya, su sauka su yanka. Ka tsayar da su kai kaɗai. Ba su harbe ka ba. Sun huda tankin babur ɗinka, sun zubar da ruwanka a ƙasa kana kallo, sun cire maka takalma a tsakar zafin bazara. Ɗayansu ya ce, "Tunda bareyi 'yan uwanka ne, su nuna maka rijiya." Buba ya ɗiga maka ruwa, maƙogwaro ya ƙi karɓa.

A makon nan aka sayar da naman daji a ɓoye a garinmu, ya kuma ƙare. Wajen zaman makoki na ji wani na raɗa, "A kan barewa mutum zai bar marayu?" Na san shi, na san abin da aka dafa a gidansa.

Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina yi wa mahaifiyarka Inna Tabawa da matarka Raishatu da Mu'minat ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙuri. Su kuwa waɗancan, har yau ba a kama su ba. Ya Allah, Ka ga fuskokinsu.