Sunan da Inna ba ta faɗa

Shagona yana bayan tasha a Jega: kwamfuta biyu, janareto mai tari, sai ni da ke buɗe wa mutane shafukan intanet. Na gaji da aikin nan, ba zan ɓoye ba. Da can kalmar sirri ɗaya ta ishi mutum. Yanzu sai a ce sa babban baƙi, sa lamba, sa wata alama, sannan ka zaɓo hotunan da ke da fitilar kan titi don a yarda kai ɗan Adam ne. Ita kuwa burauza, manhajar da ake shiga shafukan da ita, ba ta mako ba ta ce a sabunta ta ba, ta ɗauke maɓallin da hannuna ya saba da shi ta kai wani lungu. Idona ya fara rauni, masu ƙera shafukan kuma kullum ƙara ƙanƙanta rubutu suke yi.

Mahaifiyata, Inna, tana Aliero. Mace ce da in ka gaishe ta da ladabi a waya za ta ba ka har abin da ba ka tambaya ba, 'yan damfara kuwa sun san irinta. Ƙanwata, autarmu, ita ke zaune da ita. Ita ta buɗe mata ma'ajiya a intanet inda hotuna da bidiyon wayar gidan ke taruwa. Na tambaye ta wace kalmar sirri ta sa, tun da Inna ba ta riƙe sirri. Ta yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, sunan ɗan hwarinta nis sa mata. Ko wuƙa anka aza mata ga wuya ba ta hwaɗin shi."

Ni ma na yi dariya, har da ɗan jin kai. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga" take ce mini, kamar yadda uwa ke yi wa ɗan fari kunya. Na yaba wa autar, na ce ta fi masu ƙera shafukan dabara.

Ciwon 'yan kwanaki ne ya ɗauke autar. Bayan an share makoki, wayar gidan ta faɗa bokitin wanki ta mutu murus. Na saya wa Inna sabuwa. Ba ta damu da kira ba, abu ɗaya take so: wani bidiyo da aka ɗauka lokacin cirar albasa, autar na zaune a rumfa tana ware ruɓaɓɓu, tana kwaikwayon yadda Inna ke ciniki. Ta ce muryar yarinyar ta fara ɓace mata a kunne, tana son ta sake jin ta.

Na rufe shago wata Asabar na hau mota zuwa Aliero. Bayan la'asar muka zauna kan tabarma a tsakar gida, injin niƙan maƙwabta na ta ruri. Na buɗe shafin, na ga ɗan kwadon nan a sama mai nuna shafin gaskiya ne, na rubuta sunana cikin gadara. Ya ƙi. Na sake da babban baƙi a farko, ya ƙi. Na rubuta yadda malaman firamare suka lalata shi. Sai jan rubutu ya fito, wai an lura ana ta gwaji, in na ci gaba za a kulle ma'ajiyar.

"Inna, sunana ya ƙiya."

Ta kalli ƙafafunta ta ce, "Ba kai ba na."

A nan na ji abin da ba a taɓa faɗa mini ba. Kafin mahaifina, Inna ta yi wani aure a Maiyama. Ta haifi namiji, aka yi suna, bai ga ƙarshen damina ba ya koma. Auren ma bai daɗe ba. Yayar Inna da ke can ita ta ba autar labarin da sunan, ita ma ta rasu. Kunyar da na yi shekaru ina tinƙaho da ita, ashe gadonta na yi. Na ji haushi, na kuma ji kunyar jin haushin, domin wa zai yi kishi da jaririn da bai yi haƙori ba?

Yanzu duk duniya mutum ɗaya ya rage da ya san sunan, ga ta zaune gabana, ba ta rubutun boko. Ta fara kewaye-kewaye. Wai sunan wani mai sayar da gishiri ne da ke zuwa garinsu. Wai sunan ba ya da tsawo. Na ce, "Inna, ba ni iya canke. In nik kuskure, rufewa za su yi, shi ke nan."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗa. Injin niƙa ya cinye muryar. Allah ya gani ban so ba, amma sai da na ce ta maimaita. Ta maimaita da ƙarfi, kamar mai kiran yaro daga bakin rijiya.

Na rubuta. Ya karɓa.

Murnata ba ta kai ko'ina ba. Shafin ya ce wannan sabuwar waya ce, bai san ta ba, don haka ya aika lambar tabbaci zuwa layin da aka yi rajista da shi. Ya nuna ƙarshen lambar, na gane ta nan take, ta autar ce. Layin ya daɗe ba a sa masa kati ba, na san abin da ake yi da irinsa, sake sayar da shi ake yi. Na fita zaure na kira. Sai na ji yana shiga.

Wata mata ta ɗauka, da harshen mutanen gabas. Na gaishe ta da duk ladabin da na iya. Na ce layin na ƙanwata ne da ta rasu, wata lamba ta shigo mata yanzu, don Allah ta karanto mini.

"Kai malam, ka ji tsoron Allah. An ce mana duk wanda ya nemi lambar nan ɓarawo ne. Har da gawa kuke damfara yanzu?"

Ta kashe. Na sake kira, ta riga ta toshe ni. Abin da ta faɗa, shi nake faɗa wa duk wanda ya zauna a bencin shagona, kalma da kalma. Da a gabana ta yi haka da wani, da na sa mata albarka. Na bi hanyar da shafin ya ce a bi in layi ya ɓata, ya yi ta tambayata watan da aka buɗe ma'ajiyar da wasu abubuwan da autar kaɗai ta sani. A ƙarshe ya ce bai iya tabbatar da cewa tamu ce ba.

Na koma tsakar gida. Inna ta gyara mayafinta, ta matsa gefe ta yi mini wuri, ta share hannu a zane don ta karɓi wayar.

"Ya buɗe?"

"Sunan daidai na, Inna. Wata ƙohwa ta biyu ta, makullinta na hannun wata."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce in nuna mata inda na rubuta shi. Na koma shafin farko na sake rubutawa, sai ɗige-ɗige baƙaƙe suka jeru. Na taɓa ɗan hoton idon da ke gefe, baƙaƙen suka fito. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana kallon rubutun da ba ta iya karantawa.

"Ita yarinyar da hannunta tar rubuta wanga suna tun hwarko?"

Na ce e.

"To bar min shi hakanan. Tahi kar ka rasa mota."