Yadda Na Yi Dillancin Kujera Ɗaya a Bikin Autata

A lokacin da abin nan ya faru ni dillalin shanu ne a karar Dungas, wato kasuwar dabbobi, shekaru sun haura sittin, gemu ya yi fari amma baki bai tsufa ba. Lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu na yi, mushe malaminmu ya gaji da ni kafin in gaji da shi. Ɗan rubutun nan da kuke gani da girmana na tsinto shi a yaƙi da jahilci, don haka in kun ga harafi ya karkace ku tallabe shi. Sana'ata ita ce in kama hannun mutum in ja shi gefe, in sa baki a kunnensa in ce wannan sa shi kaɗai na ajiye wa. In ya ba da baya in kama hannun wani in faɗa masa haka. Tun ina saurayi da wannan magana nake cin abinci, ban taɓa zaton wata rana ita za ta hana ni ci ba.

Autata sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa ba na kiranta sai da uwata. Ta yi karatu, tana aikin karɓar haihuwa a asibiti a Damagaram. Da aka sa ranar aurenta da wani yaron kirki ɗan Magariya, ta zo gida ta same ni a zaure, ta zauna daga bakin tabarma ta ce tana da magana. Ta ce ɗaurin aure a yi shi da safe a ƙofar gida yadda aka saba, kowa ya zo, a raba goro da dabino, a ci a sha. Amma bayan la'asar ita da angon sun shirya wata 'yar liyafa a Magariya, a garkar mangwaron kawunsa, mutum talatin cif, babu ƙari. Na tambaye ta a hankali ko yaron hannunsa ne ya yi gajarta, in sayar da maraƙi in tallafa. Ta yi dariya ta ce abin da za a kashe wa mutum talatin ɗin nan ya isa a ciyar da unguwarmu, su kaɗan mai kyau suke so. Ni dai ban taɓa jin an kashe dukiya don mutane su ragu ba. A wajenmu bikin da aka watse ba wanda ya rasa takalminsa, ai ba a yi biki ba.

Sai ta tuna mini bikin yayarta, yadda na wuni a tsaye ina tarbar mutanen da rabinsu ban san daga inda suka fito ba, har aka tafi da amarya ban sa ta a ido ba. Sannan ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, tun da nake ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da kai ba. Kullum kwanonka zaure yake tafiya. Ranar nan kujerarka tana kusa da tawa.” Na ce ina aka taɓa ganin uba ya zauna kusa da amarya, ai sai a yi da ni a gari. Ta ce ai ni da bakina na ce ita uwata ce, ɗa kuwa ba ya gudun zama kusa da uwarsa. Ta ɗaure ni da igiyata. Na yi mata alkawarin zan zauna, kuma bakina zai zauna tare da ni.

Da za ta koma ta ba ni kati biyu, farare masu kauri, rubutunsu kamar zinariya, har ƙamshi suke yi. Ɗaya nawa, ɗaya kuma in ba wanda na fi so cikin abokaina. Nan ne Shaiɗan ya samu ƙofa. Uwar yara ta ce in aika wa aminina na wajen Mallawa da shi tun a ranar in huta, wani Bafulatani da muka taso tare, yana noma yana kiwo. Ta ce ta san bakina, tulu ne mai huda. Wallahi niyyata ke nan. Na sa katin a aljihu ranar kasuwa, amma aminin nawa ya makara, wani mahauci kuma ya tambaye ni turaren me nake yi yau. Na fiddo na nuna masa. Yadda ya zare ido ya goge hannu a riga kafin ya taɓa, sai na ji kaina ya yi girma. Ban san lokacin da na kama hannunsa na ja shi gefe ba. Na ce masa kujera ɗaya ce tak aka ba ni, kuma shi kaɗai na ajiye wa, amma ya bar katin a wajena kada maiƙo ya ɓata shi, kuma kada ya faɗa wa kowa.

Daɗin da na ji bai bar ni na tsaya nan ba. Kafin kasuwa ta watse na ja mai shayi gefe, na ja wani direban kamiyo da ke kai shanu Najeriya, na ja ƙanin liman. Aminina da ya iso shi ma na faɗa masa, kuma shi da gaske nake, amma katin bai bar aljihuna ba. Kasuwar Mallawa ta ci, na je da katin. Ta Magariya ta ci, na je da shi. A raina ina lissafin dillalai: in ka yi wa mutum goma alkawarin sa, da ƙyar ɗaya zai dawo. Abin da na manta shi ne, sa sai da kuɗi ake jan igiyarsa, abinci kuwa kyauta ne.

Ranar biki aka ɗaura aure lafiya. Na dai lura duk wanda ya zo yi mini barka sai ya matse mini hannu ya kashe ido ɗaya, amma na ce farin ciki ne. Da la'asar muka isa garka. Jama'a, na ga abin da ban taɓa gani ba. Wata madam mai tsara biki aka ɗauko daga Damagaram, ta sa wa kujeru fararen riguna kamar masu shirin hawan Arfa. Kowane faranti da sunan mai shi a gabansa, da cokula har uku, kamar mutum baki uku gare shi. An yi ƙofa da furanni, ga wani gato, wato kek, hawa uku a tsakiya kamar gidan sama. A bakin garka kuma an tsayar da gardi mai faɗin ƙirji, an ce masa ba kati ba shiga. Na zauna kusa da uwata, ta kalle ni ta yi murmushi. Ko bismilla ban kai ga yi ba gardin ya zo ya raɗa mini cewa wasu mutane a waje sun ce katinsu yana wajena.

Na tashi na leƙa waje. Baburan kabu-kabu sun yi layi, ga amalanken shanu, ga kamiyon direban nan ya tare hanya. Kowa ya sha rigar sallarsa, kowa yana kallon na kusa da shi da tausayi, don ya san shi kaɗai zai shiga. Kuma ba wanda ya zo shi ɗaya, domin wanda aka ce shi na musamman ne, shi ma yana da nasa na musamman. Har maroƙi ya ji ƙamshin labari ya biyo su. Mai hankali da sai ya tsaya ya faɗi gaskiya, ya kwashe su zuwa tasha ya saya musu tsire ya sha zagi ya dawo kujerarsa. Ni kuwa dillali ne, ban saba ciniki ya mutu a hannuna ba. Na tuna katangar garkar ta yi gajarta ta wajen rijiya. Sai na tsara musu: mutum ya shiga da kati, ya zagayo bayan mangwaro ya miƙo mini, ni kuma in jefa wa na gaba ta kan katanga. Gardi ɗan'uwana ne wajen karatu, kati kawai yake dubawa. Haka katin nan ya dinga tsallake katanga har ƙamshinsa ya koma na kitse da taba, gardi yana ta mamakin yadda baƙin baya-bayan nan ba su da tsabta.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai in rufe fuska in yi dariya, sannan in yi istigfari. Uban ango ya tashi ya gaisa da wani, ya dawo ya tarar da mahauci a kujerarsa yana juya naman faranti, yana shaida wa jama'a cewa tsohuwar saniya ce, an cuci masu biki. Mai shayi ya tattara cokulansa uku yana tambaya ko da sauran biyun ake tafiya gida. Wani dattijo da ni kaina ban san wanda ya kawo shi ba ya ga gato ba mai kula da shi, ya naɗe hannun riga ya zaro wuƙarsa ya kasa shi kashi-kashi kamar naman watanda, kuma tsakani da Allah ya yi adalci. Shanun amalanke suka miƙo wuya suka cinye rabin ƙofar furanni. Madam ta cire takalmanta ta zauna a kan kular ƙanƙara tana kuka da Faransanci. Maroƙi kuwa yana tsaye yana wasa ni, wai ni ne mai bikin da ba a rufe wa ƙofa. Aminina, wanda shi ne mai katin na gaskiya, da ya ga yadda ake shiga sai ya ƙi karɓa. Ya damƙa wa gardi ragon da ya kawo wa amarya, ya karkata shanun amalankensa ya kama hanyar Mallawa ba sallama.

Daga bayan mangwaro na hango uwata. Duk wannan turmutsitsin, kujera ɗaya ce ta rage ba kowa a kanta. Ta ɗora hannunta a kai, duk wanda ya matso sai ta ce masa akwai mai ita. Farantina ta rufe shi da wani faranti. Taku kaɗan ne tsakaninmu, amma kunya ta riƙe mini ƙafa, na tsaya nan kamar ɓarawon mangwaro har aka kira magariba. Da aka fito da ita za ta shiga mota ta gan ni. Na shirya jin faɗa, har na tanadi amsa iri-iri. Ta dube ni, kwallinta ya ɗan zubo, ta ce, “Baba, ka ci abinci kuwa?” Na ce na ci. Ita ce ƙaryata ta ƙarshe a ranar, kuma ta fi sauran nauyi.

Damina guda gaisuwarta ta bakin uwarta take iso mini. Da aka kawo hotuna, uwar yara ta zaɓi na kujerar nan da hannun amarya a kanta, ta rataye a daidai inda nake kallo in na kwanta. A kara sunana ya koma mai kati, in na ja mutum gefe sai ya tambaye ni mu nawa ne. Aminina sai da na taka har gidansa na zauna a rana kafin ya ce a shimfiɗa mini tabarma. Bayan an yi girbi, wata safiya mota ta tsaya a ƙofar gida, direba ya ce uwata ce ta aiko a kai ni Damagaram yanzu-yanzu. Daga baya na gane da gangan ba a sanar da ni tun jiya ba. Da na isa mijinta ya gaishe ni ya fita. Ta karɓe salulata ta sa a aljihunta, ta sa wa ƙofa sakata, ta kawo tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu a kwano ɗaya, ta zauna a gabana. Hali zanen dutse, sai na ji bakina yana cewa direba yana waje, ko a kira shi ya sa hannu. Kallona kawai ta yi. Na wanke hannu. Ban taɓa sanin uwata da hagu take riƙe kofi kamar mahaifiyata ba sai a ranar.

Ku 'yan'uwana dattawa masu faɗin baki, ga abin da na koya da furfurata. Ni har gobe bikin da aka cika gida shi ne biki a wajena, kuma ban ce na 'ya'yan zamani ya fi namu ba. Amma in ɗiyarka ta ce mutum kaɗan take so, kada ka ɗauka rowa ce ko girman kai, tambaye ta wa take son gani a cikin kaɗan ɗin, wataƙila kai ne. Na yi shekaru ina gudun kada mutanen kasuwa su ce na ware su, ban lura wadda na ware tana cikin gidana ba. In an ba ka kati biyu, ka kai ɗaya ga mai shi tun kafin ka bi ta kasuwa, ɗayan kuma ka zauna a kansa. Mutanen da na shigar ta katanga duk sun ƙoshi sun tafi, wasu ma sun ce gishiri bai ji ba. Wadda ta tambaya ko na ci, ita ce na bari da kujera.